Ma'aunin Waziri Jatau

A zamanin da, tun ana zuwa kasuwa da buhun wuri a kan jaki, an yi wani sarki a wata ƙasa mai duwatsu, sunansa Tunau. Ba za a ce masa azzalumi ba in dai gaskiya za a bi, sai dai yana da wasu halaye biyu da suka wahal da mutanensa. Yana son ya ga sunansa fes, kuma in ya furta magana a gaban jama'a, ko shi kansa ba ya iya mayar da ita.

Shi ne ya kawar da wuri a ƙasarsa. Ya tara maƙeran fari, ya sa suka buga masa dirhami na azurfa, sunansa a fuska ɗaya, sunan birninsa a ɗaya fuskar. Ranar da aka kawo masa na farko ya yi ta juya shi a tafin hannu, ya kasa ajiyewa. Daga ƙarshe ya sa aka ɗinka masa 'yar jakar fata, ya saka shi ciki, ya rataya a wuya ƙarƙashin riga, ko barci ba ya yi sai da ita.

Ba a jima ba ya ga dirhami a hannun wani mahauci, ya yi dumu-dumu da kitse da jini har sunan ba ya karantuwa. Ran sarki ya ɓaci ƙwarai. Ya sa aka yi shela cewa duk wanda ya bar sunan sarki cikin ƙazanta zai sha bulala. Don kada wani ya ce bai san yadda ake yi ba, ranar Juma'a kafin a tafi masallaci ya sa aka kawo rairayi da toka a ƙwarya, ya naɗe hannun riga a gaban fadawa, ya fito da dirhaminsa ya dirje shi da kansa har ya ɗauki ido. Tun daga ranar abin ya zama al'ada, ana ce masa wankan sunan sarki. Sarki yana yi a fada duk Juma'a, talakawa suna yi a gida. Masu hali da malalata sukan goge da tsumma su ce sun yi. Masu tsoron doka da gaske kuwa, musamman waɗanda sana'arsu ke ɓata hannu, sukan tsuguna bakin kwata su yi ta dirza har yatsunsu su yi ja.

Bayan shekaru masu yawa, madugun wani ayari da ya saba kawo gishiri daga arewa ya ƙi karɓar dirhamin Tunau. Ya faɗa a tsakiyar fada cewa kuɗin ya rame, wai akwai masu yankar gefensa da almakashi suna tara azurfar suna narkarwa. Bai yi ƙarya ba, akwai su. Sarki bai ci abinci ba ranar. Ya kira wazirinsa, Jatau, ya ce ya nemo masa hanyar da za a bambance dirhami cikakke da wanda aka taɓa, a cikin kasuwa, nan take, ba sai an yi ta jiran mai mizani ba.

Wannan waziri mutum ne mai ilimin hisabi, mai son kowane abu ya zauna daidai wurinsa. Ko rawaninsa ne ya karkace sai ya warware ya sake naɗi. A maraya ya tashi. Uwarsu ta rasu yana ɗan jariri, yayarsa Tasalla ce ta goya shi, ta yi ta dafa kalwa tana sayar da daddawa har ya yi karatu ya zama abin da ya zama. Da ya sami sarauta ya gina mata ɗaki a gidansa, ta ƙi zuwa. Ta ce ita ba gurguwa ba ce da za ta zauna a riƙa kawo mata tuwo, kuma hancin mutanen gidansa ba zai iya da sana'arta ba. Ta ci gaba da zama a tsohon gidansu na bayan kasuwa. Duk gari na ce masa ranka ya daɗe, ita kaɗai ke ce masa Jatau, shi kuwa duk duniya ba wanda yake jin kunya kamarta.

Waziri ya yi kwanaki yana zane a ƙasa, sannan ya sa aka ƙera masa wani ƙarfe shimfiɗaɗɗe mai girman tafin hannu. A tsakiyarsa akwai gurbi kewayayye. Dirhami mai cikakken faɗi yakan zauna a ciki daram, wanda aka yanki gefensa kuwa sai ya yi ta rawa. A gefen ƙarfen akwai wata tsaga siririya. Dirhami mai cikakken kauri in an tura shi sai ya maƙale a bakinta, wanda ya rame sai ya sulale ya faɗa cikin tasar da aka ajiye a ƙasa. Ko makaho zai iya awo da shi, tunda kunne ma ya isa.

Sarki ya gwada da sabon bugu, ya gwada da yankakke, ya yi murna irin wadda aka daɗe ba a ga ya yi ba. A take ya yanke doka: duk wanda aka sami dirhami a hannunsa ya yi rawa a gurbi, ko ya faɗa ta tsaga, za a yanke masa hannun. Waziri ya ji hukuncin ya yi masa nauyi. Ya buɗe baki zai ce a fara da tara, sai fadawa suka ɗauki kirari, maroƙa suka shiga wasa hikimarsa, sarki ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa masa. Yabo abu ne mai toshe maƙogwaro. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Allah ya ba ka nasara, mutum yakan yi ƙarya, wannan ƙarfe ba zai yi ba." Sarki ya ji daɗin maganar, ya ce sanƙira ya haɗa da ita cikin shela.

Masu almakashi ba wawaye ba ne. Tun sanƙira bai gama zagaya gari ba suka narkar da abin da ke hannunsu, suka koma salihai. Saboda haka gurbin faɗi bai taɓa kama kowa ba. Tsagar kauri ce ta yi kamu.

Wanda ta fara kamawa wani marini ne, Nomau, dattijo mai 'ya'ya mata, wanda hannayensa suka rine da baba tun yana saurayi. Ya fito da ajiyarsa zai sayi hatsi, mai awo ya tura dirhamin a tsaga, tasa ta yi ƙara. Nomau ya rantse da duk abin da ya sani, ya ce ko almakashi bai mallaka ba. Alƙali ya ce an ji rantsuwarsa, amma kuma an ji tasa. Hauni, mai zartar da hukuncin sarki, ya yi aikinsa a bakin kasuwa. Waɗanda suka gani sun ce har aka binne hannun, shuɗi ne.

Bayansa aka kama wani mahauci, bayansa wani mai sayar da man shanu. Mahaucin bai tashi daga jinyar ba. Mai man ya kwashe iyalinsa ya bar ƙasar. Kasuwa ta yi tsit. Mutane suka koma musayar dawa da gishiri don gudun fito da kuɗi, in tasa ta suɓuce wa wata mata a gida sai ka ga maƙwabta sun dafe ƙirji. Waziri bai taɓa zuwa bakin kasuwa ranar hukunci ba. In an kawo masa labari sai ya sunkuyar da kai, ya ce Allah ya kyauta, ya koma kan aikinsa. Yana jin ba daɗi, gaskiya ne, amma bai taɓa tashi ya je ya tambayi kowa komai ba.

Wata Laraba da hantsi sarkin kasuwa ya zo gidansa da kansa. Ya tsuguna ya yi ta gaisuwa, ya gama ya sake, har Waziri ya gane akwai magana. Daga ƙarshe ya ce Tasalla ce. Ta je sayen kalwa, ta fito da dirhami, tasa ta yi ƙara. Dogarai sun bincike gidanta, sun ga garin azurfa yana ƙyalli cikin kwata, alƙali ya ce hujja ta haɗu biyu. An kai ta gidan Yari, za a yanke hannun ranar Juma'a bayan an sauko masallaci.

Waziri bai san sa'ad da ya isa fada ba. Ya tarar da sarki shi kaɗai a soron ciki, ya faɗi, ya manta da duk wata doguwar gaisuwa. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, hannun nan shi ya ciyar da ni. Ka karɓi sarautar, ka karɓi gidan, ka bar mata shi."

Sarki ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, "Waziri, na san ta. Tun ina yarima nake cin miyar daddawarta. Amma in na sake ta, me zan ce wa marini ranar da ya ɗaga mini dungulminsa? In ce masa shi ba shi da ƙane a fada? Kai ka ƙera ma'aunin, kai ka ce ba ya ƙarya. Ko dai ya yi gaskiya a kan kowa, ko ya yi ƙarya a kan kowa. In kana da hujja, kawo ta kafin Juma'a. In ba ka da ita, kada ka sake yi mini maganar."

Daga nan Waziri ya wuce gidan Yari. Ya yi zaton zai tarar da ita tana kuka, sai ya same ta zaune a kan tabarma tana faɗa, wai an janye ta ta bar tukunyar kalwa a kan wuta, yanzu ta tabbata ta ƙone. Ta ƙara tsufa a idonsa cikin wuni ɗaya. Ya zauna a ƙasa kusa da ita, yadda yake yi yana yaro.

Ya ce, "Yaya, daga ni sai ke. Wa ya ba ki dirhamin nan?"

Ta ce, "Wa zai ba ni? Nawa ne, kuɗin likkafanina. Tun shekarar da aka fara buga su nake ajiye da su a tukunya, don kada ranar da na mutu a ce sai an jira Waziri ya fito daga fada."

"To, azurfar da aka gani a kwata fa?"

"Ban san wata azurfa ba, Jatau. Wurin wankina ne. Ka san daddawa, warinta har cikin tukunya yake shiga. Duk Juma'a sai na fito da su na dirje yadda sarki ya ce, ko ba ni da lafiya. Ni ban taɓa cire wa sunan sarki komai ba sai dauɗa."

Tana magana tana nuna masa yadda take yi, babban yatsa yana zagaye a kan tafin hannu. Waziri ya kama hannun ya duba. Cikin yatsan ya yi sumul, rairayi ya cinye zanen fatar gaba ɗaya. Ya daɗe yana kallon yatsan nan, don ya fara hango abin da bai so ya hango ba.

Ya tafi tsohon gidansu. Kalwar ta ƙone kamar yadda ta faɗa, ƙaurin ya cika tsakar gida. Ya durƙusa bakin kwata da babbar rigarsa, ya ɗebi laka ya murza a rana, ya ga ƙyallin. Ya tambayi kansa, wane irin ɓarawo ne zai yi shekaru yana satar azurfa yana zubarwa a kwata? Ya ɗauko sauran ajiyarta a tukunya ya fito da ma'auninsa. Kowane dirhami ya zauna a gurbi daram, ba wanda ya taɓa gefensa. Kowanne kuma ya sulale ta tsaga. Sunan sarki a jikinsu ya dushe, kamar rubutun allon da aka wanke ba a gama ba.

Washegari ya nufi marina, wurin da rabonsa da shi tun yana yaro. Kowane rami da mai shi a kai, ana juyi ana matsa, sai rami ɗaya da aka rufe da tsohon zana. Nomau na zaune a gefensa, ya naɗe dungulmin da tsumma. Rini aiki ne na hannu biyu, ɗaya ya riƙe ɗaya ya murɗa, kuma ba shi da ɗa namiji da zai karɓe shi. Bai tashi ba da ya ga Waziri, ya dai amsa sallama. Waziri ya tambaye shi inda ya saba wanke kuɗinsa. Nomau ya nuna wani lungu da haɓa. Waziri ya je ya tona, ya ga irin ƙyallin da ya gani a gidan yayarsa.

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, da an tambaye ni tun ranar, da na nuna da hannu."

Waziri ya yi sallama ya tafi. Yanzu ya san ɓarawon, amma ɓarawon dokar sarki ce, kuma ya san Tunau. In ya tashi a gaban fadawa ya ce wankan da sarki ya koya wa mutane shi ke cinye kuɗi, sarki zai taurare, ya ce ƙauna ce ta sa Waziri ƙirƙirar magana. Irin wannan gaskiya ba a miƙa wa Tunau ita, sai dai a ajiye ta inda zai tsinta da kansa. Da ya koma gida ya buɗe akwatinsa, ya tono wani dirhami na bugun farko da sarki ya ba shi kyauta. Bai taɓa wanke shi ba, don ya san ba mai zuwa ya yi wa Waziri bulala. Ya yi baƙi ƙirin. Ya ji kunyar ganinsa, amma ya saka shi aljihu.

Ranar Juma'a fada ta cika. Aka kawo ƙwaryar rairayi da toka aka ajiye gaban sarki kamar kullum. Kafin sarki ya naɗe hannun riga, Waziri ya faɗi ya nemi izini a shigo da Tasalla, a kawo ma'auni da tasa, ya ce yana da tambaya ɗaya da ta gagare shi, sai sarki. Aka ba shi izini. Ya shimfiɗa faifai ya ɗora dirhami biyu, ɗaya baƙi, ɗaya fari tas.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, waɗannan bugun shekara ɗaya ne, na mutum biyu. Wanne daga cikin masu su ya girmama sunanka?"

Sarki ya ce wannan ai ba tambaya ba ce. Mai farin ya bi doka, mai baƙin kuwa bulala ta hau kansa. Waziri ya ɗauki baƙin ya sa a gurbi, ya zauna daram. Ya tura shi a tsaga, ya maƙale. Ya ɗauki farin ya sa a gurbi, shi ma ya zauna daram. Ya tura shi a tsaga, tasa ta yi ƙara, wasu fadawa suka runtse ido.

Ya ce, "Baƙin nawa ne. Farin na yayata ne."

Sarki ya murtuke fuska ya ce, "Ɓarawo ma ya iya wanki, Waziri. In wannan ce hujjarka, ba ka zo da komai ba."

Waziri ya ce, "Gaskiya ne, Allah ya ba ka nasara. Saura dirhami ɗaya a ƙasar nan, wanda na tabbata hannun ɓarawo bai taɓa kai gare shi ba, kuma bai taɓa tsallake wankan Juma'a ba. Ba ni da ikon taɓa shi. Shi kaɗai zai raba mu."

 Kowa ya gane, kowa ya sunkuyar da kai. Sarki ya dubi Waziri, ya dubi tsohuwar da ke durƙushe bakin ƙofa, sannan hannunsa ya tafi wuyansa a hankali. Ya kwance 'yar jakar. Bai bar kowa ya karɓa ba, ya ce a matso masa da ƙarfen. Ya sa dirhaminsa a gurbi, ya zauna daram, ya ɗan saki numfashi. Ya ɗora shi a bakin tsaga. Bai ma tura ba, dirhamin ya zame daga yatsunsa. Ƙarar tasar ta daɗe tana zagaya soron kafin ta mutu.

Sarki ya zauna kamar an dasa shi. Ya dubi ƙwaryar rairayin da ke gabansa, wadda ya yi shekaru yana alfahari da ita. Can ya naɗe hannun rigarsa na dama har gwiwar hannu, ya miƙa shi a kan gwiwarsa, ya ce a kira Hauni. Ya ce doka ta ce wanda aka samu a hannunsa, kuma a hannunsa aka samu, a gaban kowa. Hauni ya shigo, ya ji abin da ake nema, ya zube ƙasa ya ce sai dai a yanka shi. Galadima da sauran hakimai suka shiga ba da haƙuri, sarki bai janye hannun ba.

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ka mayar da hannunka. Ba ka saci komai ba, yayata ma ba ta sata ba, haka marini, haka waɗanda suka bi shi. Ka ce in nemo maka abin kama ɓarawo, na kawo maka abin auna kauri, na ce maka abu ɗaya ne. Ƙarfen bai yi ƙarya ba, ya faɗi abin da aka tambaye shi. Ni ne na sa masa maganar da bai faɗa ba."

Alƙali, wanda shi ma gumi ya jiƙa masa rawani, ya ce hukuncin da aka gina a kan kuskure ya rushe, ba ya hawa kan sarki, ba ya hawa kan talaka. Abin da ya rage shi ne haƙƙin waɗanda aka riga aka cuta, kuma wannan ba na fada ba ne balle fada ta yafe. Sai a lokacin sarki ya sauke hannun riga. Ya ce a saki Tasalla. Ya sa aka fitar da ƙwaryar rairayin aka fasa a ƙofar fada. Aka yi shela cewa daga yau ba mai dirje kuɗi, ruwa da tsumma sun isa. Duk mai dirhamin da ya rame alhali faɗinsa cikakke ne, ya kai wa maƙeran sarki a musanya masa da sabo. Aka narka dalma aka toshe tsagar kowane ma'auni. Aka bar gurbin, da sharaɗin ko shi ya kama mutum, sai an zauna an ji ta bakinsa. Aka ce a kai diyya gidan mahauci, a bi sawun mai man shanu duk inda yake, marini kuma ya zo fada da safe.

Waziri ya raka yayarsa gida da ƙafa. Yana tafe yana jin sauƙi a ransa, har yana ce mata zai aiko da sabuwar kalwa.  Sai da suka shiga tsakar gida, ta tsaya kusa da kwatar nan, ta dube shi.

Ta ce, "Jatau, in tambaye ka. Da ba ni ba ce, da ka durƙusa a nan da rigarka?"

Ya dubi kwatar.

Ta ce, "Na gode da hannuna. Amma ba haka na goya ka ba." Ta ɗauki tukunyar da ta ƙone ta shiga kankarewa, ba ta sake dubansa ba.

Da safe aka shigo da Nomau fada. Aka ajiye masa diyya a gabansa, sarki da bakinsa ya nemi gafararsa, abin da ba a taɓa ji ba a ƙasar. Kafin a sallame shi Waziri ya taso daga mazauninsa, ya durƙusa gaban marini, ya miƙa hannunsa na dama. Ba wanda ya sa shi. Ya ce azurfa ba ta murɗa zane, kuma shi ne sanadi. Ga hannu, ga Hauni, in Nomau yana so a ɗauka.

Nomau ya dubi hannun, hannu mai taushi da bai taɓa ɗaukar abin da ya fi alƙalami nauyi ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, me zan yi da yankakken hannu? Ina da guda a ƙasa, bai tsinana mini komai ba. In da gaske ba ni za ka yi, ka ba ni shi da ransa. Ramina ya mutu, ga 'ya'ya."

Sarki ya ce a rubuta hukunci a kan haka. Tun daga ranar, kullum bayan sallar asuba Waziri Jatau yakan tuɓe babbar riga ya nufi marina. Nomau ya riƙe zane da hagu, Waziri ya tsoma ya murɗa da dama. Da farko marina suna ɓoye dariya, don ko matsa ɗankwali bai iya ba, kuma Nomau ba ya raga masa in ya ɓata aiki. Daga baya suka saba. Da hantsi yakan wanke jiki ya tafi fada ya zauna a mazauninsa, hannun dama shuɗi har wuyan hannu. Baƙi sukan yi mamaki su tambaya, ba ya ɓoyewa, yakan ba su labarin duka. Fatake suka dawo, kasuwa ta sake cika, ba a ƙara yanke hannun kowa a kan dirhami ba a zamanin Tunau. Amma matar mahauci ba ta taɓa amsa gaisuwar Waziri ba, kuma manzannin da aka aika neman mai man shanu sun dawo da diyyarsa ba su same shi ba.

Tasalla ta riga shi rasuwa, aka yi mata likkafani da kuɗinta kamar yadda ta so. Ba ta taɓa ce masa ta huce ba. Sai dai tun daga lokacin da ya fara zuwa marina, kullum yakan tarar da ƙwaryar kunu a rufe a bakin ramin Nomau, ba a faɗi wanda ya aiko ba.

Da nasa wa'adin ya cika, masu wankan gawa suka yi ta zuba ruwa a hannun nan, shuɗin ya ƙi fita. Ɗayansu ya ce ba a kai wazirin ƙasa kabari da hannun marini, a samo toka da rairayi a dirje. Nomau yana tsaye a bakin ƙofa, ya tsufa ƙwarai, yana dogara sanda da hagu. Ya ce su bari.

Ya ce, "Wannan nawa ne. Ku binne shi yadda yake."